SHARHI: Wa zai lashe Grammy ta 2026, kuma me ya sa babu mawaƙin Kano a takardar ƙuri'a?

Tun ranar 7 ga Nuwamba, 2025, da aka fitar da sunayen masu takarar lambobin yabo na Grammy karo na 68, wata tsohuwar gardama ta sake tashi a majalisun matasan Darmanawa da Gyaɗi-Gyaɗi. A teburin mai shayi da ƙofar gidan kallon ƙwallo, har zuwa rumfunan masu gyaran waya na kasuwar Farm Centre, magoya bayan Davido na cewa bana lokacin gwaninsu ya yi, na Burna Boy na tuna musu cewa nasu ya riga ya kai kofin gida, na Wizkid kuwa na nuna sunansa a gefen na Ayra Starr. Hujjar kowane ɓangare iri ɗaya ce: yawan waɗanda suka kalli bidiyo a YouTube, girman filin da mawaƙi ya cika a Landan, da yadda waƙarsa ta karaɗe TikTok.

Duk waɗannan hujjoji na nuna farin jini, amma ba su ne ke yanke hukunci ba. Wanda ke son ya yi hasashen lambar yabo ya dace, sai ya bi hanyar mai hasashen zaɓe: ya fara sanin su wa ke da ƙuri'a, wane ɗan takara ya cika sharaɗi, kuma a hannun wa akwatin yake. Matasan ƙaramar hukumar Tarauni sun fi kowa sanin wannan karatu. A zaɓen gwamna na Maris 2023, hukumar zaɓe ta bayyana Abba Kabir Yusuf da ƙuri'a 1,019,602, Nasiru Yusuf Gawuna kuma da 890,705. Bayan wata shida kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta zabtare ƙuri'a 165,663 bisa hujjar rashin hatimi da sa hannu, kotun ɗaukaka ƙara ta tsaya a kan batun rajistar jam'iyya, sai ranar 12 ga Janairu, 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Abba kujerarsa. Duk wanda ya bi waccan shari'a ya san cewa cikar filin gangami daban, ƙa'idar ƙirga kuma daban.

Da wannan ma'auni za a iya faɗin wanda ya fi kusa da kofi a daren 1 ga Fabrairu, 2026 a Los Angeles. Da shi kuma za a gane dalilin da ya sa waƙar da ke tashi a kowace adaidaita sahu tsakanin Gadar Dangi da Unguwa Uku ba ta taɓa shiga takarar ba.

Zaɓen daliget ne

Ƙungiyar Recording Academy ta Amurka ce ke bayar da Grammy, kuma masu sauraro ba su da ƙuri'a ko ɗaya a cikinta. Masu zaɓen su ne mambobin ƙungiyar, mutum sama da 13,000, waɗanda suka haɗa da mawaƙa, marubuta waƙa, makaɗa, furodusoshi da injiniyoyin sauti, akasarinsu mazauna Amurka. Kafin a karɓi mutum sai abokan sana'a biyu sun yi masa shaida, kuma ya nuna ayyukan da ya yi waɗanda suka shiga kasuwa. A harshen siyasar Najeriya, wannan zaɓen fid da gwani ne na daliget, ba ƙato bayan ƙato ba.

Zaɓen zagaye biyu ne. A na farko ake tace dubban ayyukan da kamfanoni da mambobi suka shigar, a fitar da 'yan takara. A na biyu, wanda ake buɗewa a Disamba a rufe a farkon Janairu, ake zaɓar gwani. Sharaɗin shiga shi ne a ce an fitar da aikin a kasuwar Amurka cikin wa'adin shekarar, wanda a gasar 2026 ya kama daga 31 ga Agusta, 2024 zuwa 30 ga Agusta, 2025, kuma a sami wanda zai shigar da shi. Waƙar da babu wanda ya cike mata takarda ba ta takara, komai daɗinta.

Har zuwa 2021 akwai wasu kwamitoci da ba a bayyana sunayen 'ya'yansu, masu ikon gyara jerin 'yan takara bayan zagayen farko. An rushe su ne bayan mawaƙin Kanada The Weeknd ya yi bore, saboda an tsallake shi gaba ɗaya a shekarar da waƙarsa "Blinding Lights" ta mamaye duniya. Tun daga nan ƙuri'ar mambobi kai tsaye ke yanke hukunci a yawancin rukunai. Gyaran ya rage zargin maguɗi, sai dai ya ƙara wa sanannen suna nauyi. Rukunan sun haura 90, ba a yarda mamba ya yi zaɓe a fiye da goma daga cikinsu ba, ban da manyan rukunan da kowa ke da hannu a ciki, kuma babu mai tabbatar da cewa ya saurari duk abin da ke gabansa. Mai zaɓen da ya tarar da sunaye biyar, ya san ɗaya, bai san huɗu ba, an san inda yatsansa zai sauka.

Abin da shekarun baya suka nuna

Tarihin 'yan Najeriya a gasar ya gaskata haka. A 2020, kundin "African Giant" na Burna Boy ya sha kaye a hannun "Celia" na Angélique Kidjo, 'yar Jamhuriyar Benin da ta daɗe tana zaune a Amurka, wadda masu zaɓen suka sani shekara da shekaru. Da Burna ya dawo a 2021 da "Twice as Tall", ya zo da sunan Sean Combs a cikin manyan furodusoshi, da muryoyin Chris Martin da Youssou N'Dour, sai ya yi nasara. A 2022 kundin "Made in Lagos" na Wizkid, wanda ya haifi "Essence", shi ma ya faɗi a gaban Kidjo. A 2023 wani makaɗin Japan, Masa Takumi, wanda ba a san shi a Legas ba balle Kano, ya doke "Love, Damini".

A 2024 aka buɗe rukuni na musamman don waƙar Afirka. Huɗu daga cikin waƙoƙi biyar na 'yan Najeriya ne: Burna Boy, Davido, Ayra Starr, sai Asake da Olamide. Tyla 'yar Afirka ta Kudu ce ta ɗauke kofin da "Water", waƙa ɗaya tilo a cikinsu da ta shiga sahun goman farko na jadawalin Billboard Hot 100 na Amurka. Davido ya je bikin da takara uku, ya dawo hannu rabbana. A 2025 Tems ta ci da "Love Me JeJe", kuma ko da yake waƙar ta yi tashe, abin da ya fi yi mata aiki shi ne masu zaɓen sun riga sun san ta: ta taɓa cin Grammy a 2023 tare da Future da Drake, kuma tana cikin marubutan waƙar Rihanna ta fim ɗin "Black Panther" na biyu.

Darasin a fili yake. A duk waɗannan shekaru, wanda ya fi kowa masu sauraro a Najeriya bai cika yin nasara ba. Wanda ya fi kusa da kunnen daliget ɗin Amurka shi ke ci.

Hasashen bana

Waƙoƙi biyar ne a rukunin Afirka: "Love" ta Burna Boy, "With You" ta Davido da Omah Lay, "Gimme Dat" ta Ayra Starr da Wizkid, "Push 2 Start" ta Tyla, da "Hope & Love" ta Eddy Kenzo ɗan Uganda tare da Mehran Matin.

Tyla ce ke kan gaba, saboda dalilai biyu. Na farko, sunanta ya fi na sauran zama a bakin Amurkawa cikin shekara biyun nan, kuma wannan waƙa ce ta ba ta lambar MTV a Satumbar 2025. Na biyu shi ne rabuwar ƙuri'a. Duk mai zaɓen da ke ƙaunar salon Legas sai ya zaɓi ɗaya cikin uku, alhali mai son Tyla ba shi da ruɗani. Masu bin siyasa sun ga irin wannan a zaɓen shugaban ƙasa na 2023, inda Atiku Abubakar da Peter Obi da Rabi'u Musa Kwankwaso suka raba ƙuri'ar adawa, Bola Tinubu ya wuce da ƙasa da kashi 40 cikin ɗari. Rauninta shi ne "Push 2 Start" ba ta kai "Water" amo ba, kuma wasu masu zaɓen na iya ganin ta riga ta samu rabonta.

Burna Boy ne ke biye. Ya daɗe yana shiga takara, sunansa ya zama sananne a takardar ƙuri'a, kuma kamfanin Atlantic na bayansa. Davido na da hujjar da ta fi ta kowa ƙarfi a gida, domin "With You" ta riƙe bukukuwa da gidajen rediyon Najeriya a 2025, ta kuma farfaɗo da sunan dattijon mawaƙi Bright Chimezie wanda aka ɗauko salonsa. Wannan ce takararsa ta biyar ba tare da nasara ba, kuma masu zaɓen Grammy kan biya bashi wani lokaci, kamar yadda suka ba Beyoncé kambun kundin shekara a 2025 bayan ta faɗi sau huɗu. Sai dai bashin da suke ji a wuyansu na wanda suka sani ne ƙwarai. Ayra Starr da Wizkid na da suna biyu a layi ɗaya, amma waƙar ba ta yi nisan da za ta tsallake ukun farko ba. Eddy Kenzo shi ne na ƙarshe a lissafi, ko da yake abin da ya faru a 2023 ya isa gargaɗi ga mai raina baƙon suna.

A rukunin kundin waƙoƙin duniya, Burna na takara da "No Sign of Weakness" a gaban Youssou N'Dour, ƙungiyar Shakti, Anoushka Shankar, da kuma Caetano Veloso da ƙanwarsa Maria Bethânia 'yan Brazil. Wannan rukuni ya saba karkata ga dattawa, kuma bana akwai sabon dalili. A 2025 ƙungiyar ta gayyaci masu zaɓen Latin Grammy su shigo rajistarta, ta kuma sanar da karɓar sababbin mambobi sama da 3,800. An ajiye rukunan Latin da na Afirka da na duniya a sashe guda na takardar ƙuri'a, don haka sababbin daliget ɗin za su tarar da su a gabansu. Alamu sun fi nuna 'yan Brazil ɗin.

Wannan sauyin rajista ne kuma ya sa ba za a cire Bad Bunny daga lissafin kundin shekara ba, duk da cewa Kendrick Lamar ne ya fi kowa yawan takara da guda tara, Lady Gaga kuma na da bakwai. Kundin Bad Bunny da Sifaniyanci aka rera shi, kuma kafin 2026 babu kundin Sifaniyanci da ya taɓa cin wannan kambu. Idan ya ci, rajistar da aka faɗaɗa na da kaso mai tsoka a nasarar.

Hasashe dai hasashe ne, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Amma mai hasashen da ya fara da rajistar masu zaɓe ya fi mai ƙirga mabiyan Instagram kusa da gaskiya.

Ina mawaƙan Hausa?

Cikin shekara uku da buɗe rukunin Afirka, waƙoƙi 15 suka shiga takara, babu ta Hausa ko ɗaya. A gida ma labarin bai sauya ba. Gasar Headies, wadda Ayo Animashaun ya kafa a 2006, tana da rukunin tauraro mai tasowa da ake bayar da mota, kuma jerin waɗanda suka ci shi, daga Wizkid a 2011 da Davido a 2012 zuwa Rema, Omah Lay, Asake da Odumodublvck, bai ƙunshi wanda ya yi suna da waƙar Hausa ba. A 2022 da 2023 ma a birnin Atlanta na Amurka aka yi bikin, abin da ya nuna inda masu shirya shi suka fuskanta.

Amsar da aka fi ji a majalisa ita ce harshe ne ya hana, ko kuma wariya ce. Tarihi bai goyi bayan ta farko ba. Ƙungiyar Tinariwen ta Buzayen Mali ta ci Grammy a 2012 da kundin "Tassili", wanda akasarinsa da Tamashek aka rera. Bombino ɗan Agadas, garin da Hausa ke ci a kasuwarsa, ya zama ɗan Nijar na farko da ya shiga takara a 2019 da kundin "Deran". Ali Farka Touré ya ci tun a 1995, King Sunny Ade kuma ya shiga takara da Yarabanci tun farkon shekarun 1980. Abin da ya haɗa su duka shi ne kamfanin Turai ko Amurka da ya fitar da aikinsu, yawon wasanni a ƙasashen da masu zaɓen suke, da 'yan jaridar da suka gabatar da su. Masu sauraron Ado Gwanja ko Umar M. Shareef ko Nura M. Inuwa, daga Kano zuwa Maraɗi, Kumasi da Jidda, ba su gaza na Bombino yawa ba. Hanyar da ta kai Bombino takardar ƙuri'a ce babu a gabansu.

Matsalar ta fara ne daga ƙirga. Spotify ya shigo Najeriya a Fabrairun 2021, kuma ya ce ya biya mawaƙan ƙasar sama da naira biliyan 58 a 2024. Jadawalin TurnTable, wanda aka fara a 2020, yana tattara alƙalumansa daga irin waɗannan manhajoji da gidajen rediyon da ake bibiya. To amma ta yaya waƙa ke isa kunnen magidanci a Darmanawa? Ta hannun mai tura waƙa a Farm Centre wanda ke cika memori a kan 'yan kuɗi kaɗan, ta Xender da Bluetooth daga waya zuwa waya, ta lasifikar mai adaidaita sahu, ta DJ a gidan biki. Memori ɗaya na iya kai waƙa ga mutum ɗari, kuma babu na'urar da za ta rubuta ko guda. Lokacin da "Jaruma" ta Hamisu Breaker ta mamaye gidajen Arewa a kullen korona na 2020, har rawar da matan aure ke yi wa mazajensu ta zama abin muhawara a kafafen sada zumunta, kaso kaɗan ne na wannan tashe ya shiga lissafin da Legas ko Los Angeles ke dubawa. Shirin "Zafafa Goma" na tashar Arewa24 ya yi ƙoƙarin jera waƙoƙin da ke tashe, amma shirin talabijin ɗaya ba zai maye gurbin alƙaluman kasuwa ba.

Waƙar da ba a ƙirga ta ba, ba ta kawo wa mai ita kuɗin sauraro. Wanda kuma sauraro bai ciyar da shi ba, dole ya nemi mai ciyar da shi.

Lambobin yabon da Kano ta sani

Ƙasar Hausa ta daɗe da hanyar karrama mawaƙa, kuma hasashen wanda zai samu bai taɓa wuya ba. A da, fada ce ke bayarwa: doki, riga, gona, kujerar Makka, a ƙarshe rawani. Salihu Jankiɗi ya riƙe Sarkin Taushin Sarkin Musulmi, Ibrahim Narambaɗa ya yi zamaninsa a fadar Isa, Musa Ɗanƙwairo ya fito daga gidan kiɗan fada na Maradun. Wannan tsari ya haifar da waƙoƙin da har yau ake nazari a jami'o'i, amma alƙalinsa mutum ɗaya ne, wato wanda ake yi wa waƙar. Daga baya jami'a ta shigo: Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988, Jami'ar Jos ta ba Ɗan Maraya. Darajar waɗannan ta zo ne daga cewa masu bayarwar ba su jiran waƙar yabo.

A yau ɗan siyasa ne ya gaji yawancin aikin fada. Dauda Kahutu Rarara ya yi suna da "Masu Gudu Su Gudu" a zaɓen 2015, ya kuma raka Tinubu a 2023. A ɗaya ɓangaren, waƙar Tijjani Gandu ta taimaka wajen manna wa gwamna mai ci laƙabin Abba Gida-Gida. Kyautar irin wannan aiki mota ce da gida da muƙami, kuma mai son sanin mawaƙin da zai yi shekara mai albarka sai ya duba sakamakon zaɓe. Haɗarin ma daga can yake zuwa. A ranar da aka bayyana sakamakon zaɓen gwamnan Kano a Maris 2023, wasu gungun mutane sun far wa kadarorin Rarara a cikin birni.

Labarin Naziru M. Ahmad ya tattara abin duka a cikin shekara ɗaya da 'yan watanni. A ƙarshen 2018 Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu ya naɗa shi Sarkin Waƙar Sarkin Kano. A Satumbar 2019, lokacin da rikicin fada da gwamnatin Abdullahi Ganduje ya yi tsami, aka kama shi bisa zargin fitar da waƙoƙin da hukumar tace fina-finai ba ta tantance ba. A Maris 2020 aka tuɓe Sarkin, shi kuma ya ajiye rawanin. Muryarsa ba ta canza ba a tsakanin naɗi da murabus, masu iko ne suka canza.

Alƙali na uku shi ne mai tacewa. Hukumar tace fina-finai ta Kano, wadda aka kafa a 2001, ita ce ta gurfanar da Aminu Ala a 2009 kan waƙar "Hasbunallahu". A 2016 ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda fitowa a bidiyon waƙar ClassiQ. A 2022 hukumar kula da kafafen yaɗa labarai ta ƙasa ta hana sanya "Warr" ta Ado Gwanja. Al'umma na da 'yancin kare tarbiyyarta, kuma masu goyon bayan waɗannan matakai na da hujjojin da jama'a da dama suka yarda da su. Abin lura dai shi ne, jihar da ke da hukuma mai cikakken iko don hukunta waƙa ba ta da wata hukuma ko ƙungiya mai irin wannan nauyi don ta ce ga wadda ta fi kyau a bana.

An yi yunƙuri. An yi bikin karrama 'yan Kannywood da kamfanin MTN ya ɗauki nauyi daga 2013, akwai lambobin AMMA, mujallar City People ma na ware rukunai don Arewa. Amma babu wanda ya zama ma'aunin da mawaƙi zai ɗora farashinsa a kai, domin bikin kan zo ne idan an sami mai ɗaukar nauyi, kuma masu kallo ba su cika sanin su wa suka yi alƙalanci ba. A irin wannan giɓi ne takardun yabo marasa tushe ke samun kasuwa. A Satumbar 2025 an yi taro a Abuja aka ba Rarara digirin girmamawa da sunan jami'ar European-American, ba a jima ba jami'ar ta fitar da sanarwar cewa ba da yawunta aka yi ba. Mawaƙin da ya cika filaye shekara goma bai kamata ya rasa inda za a auna aikinsa da gaskiya ba.

Abin da za a iya ginawa

Grammy ba mizanin adalci ba ce. Ƙungiyar 'yan kasuwar waƙa ce ta wata ƙasa, tana karrama abin da 'ya'yanta suka sani, kuma lambar Afirka ma ba a cikin babban bikin da ake nunawa a talabijin ake miƙa ta ba, a zaman share fage na rana ake bayarwa. Amma tana da abubuwan da suka sa ake iya hasashenta da hankali: an san masu zaɓe, an rubuta sharuɗɗa, ranar ba ta cika gocewa ba, kuma wani kamfanin binciken kuɗi mai zaman kansa ne ke ƙirga ƙuri'a. Tun 1959 ake yin ta.

Misalin da ya fi kusa yana cikin harshen Hausa. Gasar Hikayata ta gajerun labaran mata, wadda sashen Hausa na BBC ya fara a 2016, tana bayyana ƙa'idojinta, tana bayyana alƙalanta, tana zuwa kowace shekara. Cikin ɗan lokaci ta zama abin da marubuciya ke sa wa a gaban sunanta. Waƙar Hausa na da masana a Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Usmanu Ɗanfodiyo, tana da furodusoshi da makaɗa a ɗakunan ɗaukar sauti na Titin Gidan Zoo, tana da gidajen rediyon da ke sanya ta dare da rana. Daga cikin waɗannan za a iya haɗa rajistar masu zaɓe ta mutum ɗari biyar, a raba rukunai tsakanin waƙar soyayya, ta gargajiya, ta bege, ta gambarar zamani da ta faɗakarwa, a buɗe ƙofa ga Maraɗi da Damagaram da zangon Accra. Sharaɗin da zai fi wuya shi ne na kuɗi: kada gwamnatin jiha ko ɗan takara ya zama babban mai ɗaukar nauyi, domin kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Akwai kuma aikin da ke kan mawaƙan kansu. Dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a Maris 2023 ta tanadi kariya ga ayyukan da ke intanet, amma wanda ya yi wa waƙarsa rajista, ya rubuta sunan marubuci da makaɗi da furodusa, ya ɗora ta inda ake ƙirgawa, shi zai fi cin moriyarta. Waɗannan bayanai su ne kuma shaidar da ake nema ga mai son zama mamba a Recording Academy. Mai sauraro ma na da hannu, domin duk sanda ya saurari waƙa a shafin mai ita maimakon ya karɓa ta Xender, ya jefa ƙuri'ar da ake gani.

Tazarar awa tara ce tsakanin Los Angeles da Kano a watan Fabrairu, don haka sakamakon rukunin Afirka zai iso wayoyin Darmanawa ne a daren Lahadi, kafin masu shayi su tashi. Idan lissafin rajista ya yi aiki, sunan Tyla za a ji, magoya bayan Davido kuma su kwana suna cewa an yi maguɗi. Zaɓen 2027 na ƙaratowa, ɗakunan ɗaukar sauti sun fara karɓar aikin 'yan takara, kuma mawaƙin Hausa da zai fi kowa samu a shekarar da ke tafe za a san shi ne daga hukumar zaɓe.